Alƙalamin Budurwa a Bakin Daji

Duk wanda ya nemi a ba shi tarihin Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari, wadda ba ita ce takwararta ta ƙasar Lere ba, abin da za a fara kawo masa shi ne labarin daji, watau ƙungurmin dajin nan na doka da kaɗanya da ƙirya wanda aka keɓe wani yanki nasa tun 1936, ya zama gandun Kamuku na tarayya a 1999, yana manne da Kuyambana ta Zamfara. Daga nan sai labarin zinariyar da ake tona a ƙasar tun zamanin Turawa. Sa'an nan labarin babbar hanyar da ta taso daga Kaduna, ta ratsa Buruku da Udawa, ta wuce Tegina ta gangara kudu, wata kuma ta karkata arewa ta nufi Funtuwa. Ba safai mai ba da labari yakan ambaci alƙalami ba, balle alƙalamin 'ya mace. Alhali kuwa a wannan gari da ƙauyukansa, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a rasa yarinyar da Allah ya jarabce ta da son rubutu, wadda hannunta ke ƙaiƙayi in ta ga farin wuri, wadda take cusa abin da ta rubuta a ƙarƙashin tabarma kada a gani, ranta kuma yana so a gani. Wannan ɗabi'a tana da tarihi, kuma in an bi shi a hankali za a tarar yawancinsa tarihin takarda ne: wa ke da ita, nawa take, da hannu nawa take bi kafin abin da ke cikinta ya isa kunnen wata mace.

Farkon abin allo ne. Yarinya takan shiga makaranta tana 'yar shekara biyar ko shida, ta zauna a gefen da aka ware wa mata a zauren malam, ta yi babbaƙu ta yi farfaru, malam ko wani gardi yana rubuta mata tana biyawa, har ranar da za a ce hannunta ya faɗa, a miƙa mata alƙalami a ce ta kwafa da kanta. Wanda kuwa ya tuna wannan rana ya san asalin daɗin da ake magana a kai. Kayan aikin duk daji ne ke ba da su. Allon itace ne, galibi aduwa, masassaƙi ya lallashe shi har ya yi sumul. Alƙalamin gamba ne ko sillen kara, a feƙe shi da wuƙa, a tsaga bakinsa kaɗan don ya riƙe tawada. Tawadar kuwa gawayi ne ko baƙin tukunya, a niƙa shi lilis, a dama da ƙaron da aka jiƙa tun jiya, a tace a zuba a kurtu. Yarinya mai lura takan gane tawadar da ƙaro ya yi wa yawa, domin tana sheƙi tana ɓamɓarewa, da wadda ya yi wa kaɗan, domin tana bin yatsa. Takan kuma ɓoye alƙalamin da bakinsa ya yi mata daidai a cikin jinka, kada ƙanenta ya ɗauka ya tauye shi.

Amma allo yana da hukuncinsa. Wurin maganar Allah ne, ba a rubuta zancen kai a kansa; kuma abin da aka rubuta yau, in an haddace shi, gobe an wanke an jingine allon a rana. Ga shi kuma yarinya ba ta daɗewa a makaranta, domin da ta kai shekara goma sha uku ko sha huɗu sai a yi mata aure, allon ya koma rataye a bangon ɗaki. Saboda haka talifin mata ya zauna a baki: a dandali daren farin wata, inda mai ba da waƙar gaɗa ke ƙaga baiti nan take ƙawaye suna amshi, a gindin dutsen niƙa, inda matar aure ke jefa wa kishiya ko uwar miji habaicin da ba za ta iya faɗa a fili ba, a bakin murhu, inda tatsuniya ɗaya ke fita daban a bakin kowace kaka. Talifi ne sosai, mai ma'auni da azanci, sai dai ba shi da warƙa.

Warƙar kuwa tsada gare ta ƙwarai. Takardar da malaman ƙarni na goma sha tara suka yi rubutu a kai daga ƙasar Italiya ake yin mafi yawanta, a sauke ta a Tarabulus, raƙuma su ratso da ita hamada zuwa Kano da Katsina, kuma in ka ɗaga ta ga haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya lissafa ta cikin hajar Turai da ya gani a kasuwar Kano a 1851. Ba a ɓata irin wannan da tawadar allo, sai yambari, wadda ake haɗawa da 'ya'yan bagaruwa don ta kama ta daɗe; ba a kuma ɗinke warƙoƙin, sai a jera su tsakanin fata biyu a zura cikin gafaka. Abin da ya biyo baya a fili yake: macen da za ta rubuta maganar kanta, ta tabbata bayanta, lalle sai ta fito daga gidan da ake da gafaka.

Irin wannan gida Nana Asma'u ta fito, Allah ya ƙara mata yarda. An haife ta a Ɗegel a 1793, ita da tagwaicinta Hassan, a gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci a cikin gida. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha yunwa da tafiya da fargabar shekarun jihadi tare da sauran mata, aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello kuma wazirinsa daga baya. Talifinta na farko da aka san shekararsa, Tanbihul Gafilina, na 1820 ne, tana da shekara ashirin da bakwai, ga ɗawainiyar babban gida a wuyanta, ga baƙi ba sa yankewa. Daga nan har wafatinta a 1864 ba ta ajiye alƙalami ba, abin da ya iso mu na ayyukanta ya kai wajen sittin, da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Abin da ya fi jan hankalina game da ita shi ne ɗabi'unta na aiki, domin su ne ke nuna cewa ban da wajibi akwai nishaɗi a ciki. Takan zaɓi harshe gwargwadon kunnen da take nufi: Larabci in da malamai take, kamar waƙar maraba da ta yi wa wani shehi Bashinƙiɗe da ya ratso ta Sakkwato, Fulatanci in da 'yan gida take, Hausa in tana son maganar ta shiga ɗakin kowace mace, har waɗanda yaƙi ya kawo su cikin jama'a ba su san komai na addini ba, kuma don haka ne a 1831 ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa. Takan rufe waƙa da ramzi, watau kalmar da in an lissafa ƙimar haruffanta za ta ba da shekarar da aka gama, wasan basira wanda ba mai yin sa sai wanda ke jin daɗin haruffa don kansu. An ruwaito cewa a 1822, lokacin da abokan gaba suka matso, Bello ya aiko mata da baitocin da farkon haruffansu ke harhaɗa ayar nan mai bushara da sauƙi tare da tsanani, ita ma ta mayar masa da nata a kan wannan tsari; wa da ƙanwa suna ƙarfafa wa juna zuciya ta hanyar gwada gwaninta. Kuma ba sarakuna kaɗai ta yi wa marsiyya ba. Ta yi wa Bello da Giɗaɗo, haƙiƙa, amma ta yi wa aminiyarta A'isha, ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Zaharatu mai zama da masu naƙuda da wankan gawa, matan da in ba don alƙalaminta ba da ko sunansu bai tsallake shekara hamsin ba.

Ta kuma gane abin da mawallafa da yawa ba su gane ba, watau takarda ba ta da ƙafa. Shi ya sa ta kafa 'Yan Taru: a naɗa dattijuwa mai amana ta zama jaji, a ba ta malfa da jan rawani, ta riƙa jagorantar tsofaffi da 'yan matan da ba su kai aure ba daga ƙauyukansu zuwa wurin Nana, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da man shanu da za a raba wa mabukata, su zauna su haddace waƙoƙin tauhidi da fiƙihu da sira, su koma su biya wa matan da kulle ko goyo ya hana fita. Warƙa ɗaya a Sakkwato takan zama baki ɗari a karkara. Bayanta ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin, rubuce-rubucen kuma suka zauna a gidan Waziri har zamanin Waziri Junaidu, wanda ya buɗe wa Baturiya Jean Boyd gafakarsa, aka tattara su aka buga tare da Beverly Mack a 1997.

Ƙasar Birnin Gwari ba ta sami irin wannan natsuwa ba a wancan ƙarni. Tana tsakanin Katsina da Zazzau da Zamfara, daga baya kuma ga Kwantagora ta taso a kudu maso yamma, mahayan Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse suna kai hari garuruwan Gwarawa da Kamukawa suna kwasar mutane har Turawa suka ci garinsa a 1901. Mutanen da kullum idonsu ke kan dutsen da za su gudu ba su da sukunin tara littattafai. Mace mafi kusa da wannan yanki da muryarta ta iso mu daga wancan zamani ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ita ce Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877, wadda a Giwa, maƙwabciyar Birnin Gwari ta gabas, ta zauna da Baturiya Mary Smith a 1949 da 1950 tana ba ta labarin rayuwarta, daga aure-aurenta da ƙawance da bukukuwan suna har harin mayaƙan Sarkin Sudan da fansar waɗanda aka kama. Wanda ya karanta ya san mawallafiya ce ta haƙiƙa, ta san inda za ta tsaya da inda za ta yi sauri, ta san maganar da za ta sa a bakin wa. Amma da Turanci littafin ya fito a Ingila a 1954, bayan rasuwarta, kuma matan da ta ba da labarinsu ba su da hanyar karanta shi.

Boko da ya zo bai gaggauta gyara wannan ba. A kan hanyar nan tamu, kafin a kai Tegina, akwai Kagara, inda aka haifi Abubakar Imam a 1911; shi da wansa Malam Bello Kagara su ne biyu daga cikin waɗanda gasar Hukumar Talifi ta 1933 ta fito da su, da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, tare da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Littattafai biyar, babu na mace ko ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne, domin sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na gwamnati a Kano da Katsina, su ma yawancin ɗalibansu daga gidajen sarauta aka ɗebo su. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939, Yaƙi da Jahilci ya biyo a shekarun 1950, duk dai maza ne a gaba. Sai dai a ƙarƙashin wannan wata ƙaramar sana'a ta tsiro wadda ba a ba ta haƙƙinta ba, watau rubuta wa tsofaffi wasiƙa. Yarinyar da ta yi aji huɗu a firamare takan zama magatakardar unguwa: tsohuwa ta kira ta ɗaki, ta ja labule, ta ce a rubuta wa ɗanta da ke masaƙa a Kaduna ko aikin soja a Kurmi cewa daminar bana ta yi gardama, ƙanwarsa ta isa aure, shi kuma ya yi shiru. Yarinya ta fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ta sassauta inda tsohuwa ta yi zafi, ta ƙara gishiri inda ta ga kuɗi ba za su fito ba sai da shi, sa'an nan ta karanta mata, tsohuwa ta ce wallahi kamar kin shiga zuciyata. A nan ne da yawa suka fara sanin sirrin gidaje, suka kuma ɗanɗani ikon da ke cikin zaɓen kalma. Da gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, sai ga wani daɗin kuma, na aika takardar gaisuwa a Zaɓi Sonka a ji an ambaci sunanka da na garinku duk Arewa na saurare.

Abin da ya sauya al'amarin daga tushe, a nawa ra'ayin, shi ne shirin ilmin firamare kyauta na 1976, kuma ba don darussansa ba sai don littafin rubutun da ya sa a hannun 'yar talaka. Ta haka yarinyar ƙauye ta mallaki takardar da ba mai wanke ta, mai warƙa arba'in ko sittin, da biro na kwabo kaɗan. Waɗanda suka yi makarantar kwana ta 'yan mata a shekarun da suka biyo sun san yadda abin yake. Akwai wata a kowane aji wadda littafin lissafinta daga gaba lissafi ne, daga baya kuwa labari. Tana rubutu bayan an kashe fitila, da tocila a cikin bargo, ko a ranar Asabar an gama wanki. Ta sa wa jarumarta sunan da ta so a ce nata ne, ta gina mata gidan sama a Kaduna ko Kano wanda ita kanta ba ta taɓa shiga irinsa ba. Kafin ta cika shafi goma an karɓe littafin, ya bi gado gado, ya dawo gefensa cike da ta'aliƙin masu karatu, wannan ta ce a kashe kishiyar, waccan ta ce in aka raba su ba ta ƙara karantawa. Marubuciyar takan yi fushi a baki, a zuci kuwa babu abin da ya fi wannan yi mata daɗi, kuma sau da yawa takan karkata labarin ya bi son jama'a. In malama ta kama, bulala ce da yankan ciyawa, wani lokaci littafin ya tafi ke nan.

Daga cikin irin waɗannan hannuwa mawallafan suka fito. Hafsat Abdulwahid, haifaffiyar Kano a 1952, ta shigar da So Aljannar Duniya gasar kamfanin NNPC na Zariya, aka buga shi a 1980, labarin Boɗaɗo budurwa Bafulatana da ta kafe a kan wanda take so. Shi ake lissafawa ƙagaggen littafin Hausa na farko da mace ta wallafa, kusan rabin ƙarni bayan gasar su Imam. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanoni suka ja baya, sai marubuta suka koma buga wa kansu: a kai rubutun hannu wurin mai tafireta, a kai ƙaramar maɗaba'a, a raba labari kashi biyu ko uku don kuɗin na ɗaya su buga na biyu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko farko. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana 'yar shekara goma sha uku, ta koma ta nemi karatu a ajin manya, ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sa'an nan Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, na ƙarshen nan har aka fassara shi da Turanci aka buga a Indiya a 2012. A Funtuwa kuwa, can ƙarshen hanyarmu ta arewa, Bilkisu Salisu Ahmed, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta fito da Allura Cikin Ruwa a 1994, ta bi shi da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni, tana matar aure a cikin gidanta, kuma samuwarta a garin da ba Kano ba ta nuna wa 'yan matan ƙananan garuruwa cewa ba sai an zauna a birni ake zama mawallafiya ba.

Yadda waɗannan littattafai ke isa gari irin Saminaka a wancan lokaci shi ma abin lura ne. Daga rumfunan 'yan littattafai na kasuwar Sabon Gari a Kano ake ɗaure su dami dami, su bi motocin haya da 'yan koli zuwa kasuwannin mako, su sauka a teburin mai haya, wanda ke ba da littafi kwana ɗaya ko biyu a kan 'yan kuɗi kaɗan. Matar da ke kulle ƙanenta ko 'yar tallarta take aika. Littafi ɗaya yakan zaga unguwa kamar rariyar aro, bangonsa ya yage a ɗinke da zare, shafin ƙarshe ya ɓace a riƙa ba da shi da ka. Kuma a gidan da mace ɗaya ce ta iya boko, ita ke karantawa da ƙarfi bayan la'asar, sauran suna tsinke zogale ko kitso suna sa baki. Nana Asma'u da ta ga wannan zama za ta gane shi, ko da abin da ake karantawa zai sa ta ɗaure fuska.

An kuwa ɗaure fuska. Masana sun yi ta jayayya a jaridu cikin shekarun 1990, wasu suka raɗa wa abin suna adabin kasuwar Kano don raini, aka ce soyayya ce kawai da kwaikwayon finafinan Indiya, aka ce yana ɓata tarbiyya, har a 2007 aka tara littattafai aka ƙone a wata makarantar 'yan mata a Kano a bainar jama'a. Ba zan ce duk sukar ƙarya ce ba. Akwai gaggawa, akwai rashin mai dubawa, akwai ƙa'idar rubutu da aka yi wa riƙon sakainar kashi, akwai kuma mai rubuta abin da kunya ta hana. Amma mai adalci zai yarda cewa auren dole, da sakin wulaƙanci, da zaman kishi, da cire yarinya daga aji, a waɗannan 'yan littattafai masu araha aka fara tattauna su da bakin waɗanda abin ya shafa, a ɗakunan da jarida ba ta shiga.

Yau takardar ta koma cikin waya. Budurwa takan rubuta shafinta da manyan yatsu biyu bayan sallar isha, tana duban sauran cajin da ya rage, ta tura zauren WhatsApp ko Wattpad, kafin ta yi barci masu karatu daga Maraɗi da Kumasi da Jidda sun fara cewa suna jiran ci gaba. In labarin ya karɓu sai ta rufe sauran, mai so ya biya ta banki ko da katin waya, wasu kuma su karanta shi da murya a YouTube saboda waɗanda ba su iya karatu ba ko hannunsu na cikin aiki. Ba ta bukatar maɗaba'a, ba ta bukatar izinin ɗan kasuwa, amma kuma babu mai ce mata wannan shafi bai nuna ba, ga ɓarayin da ke kwafe labari su sauya suna, ga waya in ta faɗa ruwa ta tafi da aikin shekara. Gasar Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata zalla, ta kawo wani horo da ake bukata, domin ta ƙayyade tsawon labari, wadda ta saba jan zance kashi uku dole ta koyi yankewa.

Ita kuwa yarinyar Birnin Gwari ta shekarun nan tana da nata sharaɗin da 'yar Kano ba ta sani ba. Dajin da ya ba kakarta allo da ƙaro ya zama maɓoyar 'yan bindiga, har aka kai lokacin da hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar soja, makarantun ƙauyuka da yawa suka rufe, mutanensu suka kwararo cikin gari. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a yankin saboda aikin tsaro, mai rubutu a waya ta wayi gari babu masu karatunta. A watan Maris 2024 kuma aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a kan hanyar Kaduna, ana tsakiyar taron safe. Labarin da ya ci Hikayata ta farko, na Aisha Muhammad Sabitu daga jihar Katsina, a kan zaman sansanin 'yan gudun hijira yake, kuma tun daga nan garkuwa da mutane da kuɗin fansa da zawarcin ƙuruciya suka shiga cikin abin da 'yan mata ke rubutawa, gefe da gefe da kishiya da lefe. Wadda ke zaune a Saminaka ba sai ta ƙago waɗannan ba, a tsakar gidansu ake ba da labarinsu. Wahalarta ita ce ta sauya sunan ƙauye da na mutane yadda ba wanda zai gane, domin wanda ya kai wa 'yan daji rahoto yana iya zama cikin masu karanta ta.